Mun kai Baba Fas, shi kuma ya maida mu majema

Tun da muka dawo daga Maroko mutane ke tare mu a hanya da tambayoyi: wace ajans ce, garuruwa nawa kuka zaga, da gaske akwai sanyi, ina tsarabarmu? Mun ga gara mu ba da labarin sau ɗaya kowa ya ji, har da ɓangaren da ba mu faɗa wa masu neman tsaraba ba.

Mu biyar ne wurin mahaifinmu. Baba majemi ne, ɗan majemi. Ya fi shekara hamsin hannunsa na cikin ruwan bagaruwa, kuma da kuɗin fata ya sa mu lakwal gaba ɗayanmu. Yau akwai malamin makaranta a cikinmu, akwai mai aikin likita, akwai mai butik ɗin waya, biyu suna aiki a Yamai. Babu ko ɗaya da ya gaji sana'ar. Kuma bari mu faɗi abin da ba mu taɓa faɗa a bainar jama'a ba: muna yara, in an raba takardar da ake cika aikin uba, "ɗan kasuwa" muke rubutawa. Yara sun sha toshe hanci in mun shigo aji, mu kuma muka koyi ɓoyewa.

Majemar tana nan har yanzu, amma ta yi shiru. Tsofaffi biyu suka rage da wani yaro mai ɗebo musu ruwa. Gari ya cim ma wurin, maƙwabta suna kuka da wari, sai ga wani mai kuɗi ya taya filin zai gina shaguna. Mu biyar muka amince. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba, kullum sai ya ce a bari ya yi shawara. A ɗaya gefen kuma akwai abin da ya daɗe yana ambata. Ya sauke farali shekarun baya, abin da ya rage masa a rai shi ne ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas. Muka yi zubi na shekara biyu don mu kai shi. Mun yi don Allah da don iyaye, wannan gaskiya ne. Amma akwai wata niyyar a ƙasa: mun yi lissafin in ya ga Fas zuciyarsa za ta yi laushi ya sa hannu. Takardar cinikin ma tana cikin baliz ɗin babban wanmu muka tashi.

Abin da muka samu a ajans tafiyar rukuni ce ta kwana takwas: Kazablanka, Rabat, Maknas, Fas, Marakesh, a dawo Kazablanka a hau jirgi. Kuɗin ya ƙunshi biyen jirgi, otel, karin kumallo, abincin dare, kar da za ta riƙa yawo da mu, da gid mai jin Faransanci. Muka duba takardar, muka ga an rubuta ziyarar zawiya a Fas, muka biya. Ba mu tambayi awa nawa ba, ba mu tambayi wace rana ce ba. Wannan shi ne kuskurenmu na farko, ku riƙe shi.

Mu uku muka raka shi: babban wanmu, ƙanwarmu mai aikin likita saboda maganin hawan jininsa, da mai wannan rubutu. Daga Maraɗi zuwa Yamai kun san hanyar, sama da kilomita 600 ta Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, wuni guda a zaune. Daga filin jirgin Diori Hamani zuwa Kazablanka kuwa awa huɗu ma ba ta cika ba. Da muka sauka Baba ya ce: "To, ashe Yamai ta hi Maroko nisa."

Rukuninmu mutum ashirin da biyu ne. Akwai ƴan kasuwa daga Yamai da suka zo duba kaya, wata Hajiya daga Damagaram da ɗiyarta, wani Alhaji daga Tawa, ango da amarya, da wani malamin tarihi Bazabarme ɗan Doso. Gid ɗinmu saurayi ne mai fara'a da ladabi, yana kiran Baba "Hajj" yana riƙe masa hannu in zai sauka. Abu ɗaya ne da shi, agogo. Kowane wuri da adadin mintinsa. Kafin azahar ta ranar farko Baba ya raɗa masa suna Mai Agogo, kuma sunan ya bi shi har filin jirgi.

A Kazablanka aka fara da masallacin Hassan na Biyu, wanda aka kammala a 1993, hasumiyarsa mita 210, wani sashensa a kan teku aka gina shi. Mun yi salla a ciki, mun ga wurin alwala na ƙasa mai kamar fada. Amma Baba tekun ya tsaya kallo. Bai taɓa tsayawa kusa da ruwa mai yawa haka ba. Ya daɗe shiru, sannan ya tambaya: "Wanga gulbi, ba ya ƙahewa da rani?" Muna cikin dariya Mai Agogo ya tafa hannu, minti arba'in sun cika.

Washegari Rabat, kusan kilomita 90 a kan hanya mai santsi. Mun ga hasumiyar Hassan, wadda Sarki Yakubu al-Mansur ya fara ginawa, ya rasu a 1199 aikin ya tsaya a mita 44, ga ginshiƙan masallacin nan a jere babu rufi har yau. Kusa da ita kabarin Sarki Muhammadu na Biyar, da dogarai a kan dawakai a bakin ƙofa. Alhajin Tawa ya ce in a wurinmu ne da tuni an kwashe duwatsun an yi harsashin gida. Ba wanda ya musa masa.

A Maknas aka nuna mana ƙofar Bab Mansur da rumbunan hatsi da bargar dawakin Sarki Mulai Isma'il, wanda ya yi mulki daga 1672 zuwa 1727. Gid ya ambaci rundunarsa ta baƙaƙen fata da ake kira Abidul Bukhari, saboda a kan littafin Sahihul Bukhari suke rantsuwar biyayya. Alhajin Tawa ya tambaya daga ina aka samo su. Gid ya ce "daga kudu", ya dubi agogo. Malamin Doso ne ya ƙarasa mana a cikin kar: sarkin ya sa an tattara baƙaƙen fatar ƙasar ne, bayi da ma waɗanda suke da ƴancinsu, aka maida su sojansa. Tun daga nan muka gane cewa abin da gid ke faɗa gaskiya ne, sai dai an auna shi daidai da minti.

Akwai kuma wuraren da agogon ke barci. Shagon man argan, shagon darduma, shagon turare. Ana shiga a ba ku kujera, a zuba muku shayi mai na'ana'a, a yi ta shimfiɗa kaya a gabanku har kunya ta sa wani ya saya. Ƙanwarmu ta fara rubuta lokaci a wayarta. Shagon darduma shi kaɗai ya ci awa ɗaya da rabi.

Daren Laraba muka shiga Fas. A ɗakin otel muka buɗe porogaram ɗin gobe da kyau, karo na farko. Ƙofar Bab Bu Julud, makarantar Bu Inaniya, masallacin Ƙarawiyyin, majemar Shuwara da shagon fata, abincin rana, zawiya minti talatin, sai shagon tangaran. Ranar Juma'a da sassafe a kama hanyar Marakesh. Wato zikirin Juma'a da Baba ya ƙwallafa rai zai yi a zawiya, a cikin kar la'asar ɗin za ta same shi. Muka rasa wanda zai faɗa masa. Ashe ya ji mu, don bai yi barci ba. Daga kan gado ya ce: "Minti talatin? To mi munka zo yi?"

Muka sauka muka iske gid a falon otel. Babban wanmu ya ɗaga murya, mu muka riƙe shi. Saurayin bai yi gardama ba. Ya ce porogaram ɗin na Turawa ne tun asali, ajans ta ƙara zawiya a ciki don mutanenmu. Ya ce albashinsa kaɗan ne, la'adar shaguna ce ke riƙe da shi da direba, in ya tsallake shago za a kira shi. Ranar tashi kuwa ba ya da ikon taɓa ta, an riga an kama otel a Marakesh. Amma ya kawo shawara: mu bi rukuni da safe har majema, daga nan zawiya babu nisa, zai haɗa mu da wani yaron unguwa ya kai mu, ya kuma dawo da mu da dare. Dirhami 100 muka ba yaron, kusan jika shida kenan, don dirhami ɗaya ya kai wajen dala goma sha biyu. Da labarin ya bazu, mutum tara suka ce su ma zawiya suka zo.

Wanda bai shiga tsohon garin Fas ba zai yi wuya ya gane dalilin ɗaukar yaro. Mota ba ta shiga. Lunguna ne dubbai, wani ma mutum biyu ba sa iya jerawa, kaya a kan jakai da alfadarai ake shigo da su, in ka ji an ce "Balak!" sai ka manne da bango. Garin ya haura shekara 1,200, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya tun 1981. Masallacin Ƙarawiyyin wata mata ce, Fatima al-Fihriya, ta gina shi a shekarar 859, kuma daga nan ya zama wurin karatu da duniya ta sani. Hajiyar Damagaram ta sa ɗiyarta ta maimaita sunan matar sau biyu. Ta kuma ce lungunan sun tuna mata da Birni, sai dai nan an share, an gyara bango, an kafa alamar hanya.

Tun kafin mu kai Shuwara Baba ya ɗaga kai ya shaƙi iska. Mu ma mun gane warin. Shi ne warin rigarsa in ya dawo da yamma, warin da muka yi shekaru muna gudu. Ana shiga ne ta cikin shagon fata, a hau matakala har saman soro, a bakin ƙofa wani yana raba ganyen na'ana'a don a kanga a hanci. Turawa sun cika wurin, kowa da ganye a hanci da waya a hannu. Baba ya karɓi nasa ya sa aljihu.

Daga sama ana ganin ramuka na dutse jere kamar saƙar zuma, wasu farare, wasu ruwan ƙasa, wasu ja, maza a ciki har cinya suna tattaka fata. Gid ya fara bayani da Faransanci muna juya wa Baba, sai muka ga ya riga mu. Ya nuna fararen ramukan ya ce nan ake jiƙa fata gashi ya saki, su da farar ƙasa suke yi, mu da toka muka taso. Ya nuna na gefe ya ce wancan kashin tantabara ne, shi ke sa fata ta yi laushi. Gid ya ce haka ne. Ya nuna masu ruwan ƙasa ya ce nan ne jimar kanta, mu bagaruwa muke dakawa, su da alama ɓawon itace ne. Gid ya ce haka ne. Sai ya hango wani dattijo a inuwa ya duƙa a kan fata yana kankara, ya ce: "Wancan ya iya. Ku dubi yadda shika jan ƙarhen, ba ya cin hwata." Daga nan ya ce shi sauka zai yi.

Gid ya ce ƙasa da santsi, ba a kai tsofaffi. Mai shagon, wanda shi ma ya manyanta, ya tambayi me Hajj ke so. Da aka faɗa masa sai ya kama hannun Baba da kansa suka sauka, muka bi su muna tattare riguna. Baba ba ya jin Faransanci, Larabcinsa na littafi ne, su kuma Darija suke yi. Da ya isa wurin dattijon ya yi sallama, sai kawai ya buɗe masa tafin hannunsa. Duk wanda ya san majemi ya san hannun: fata ta yi kauri, farce ya rine, ba sabulun da ke fitar da shi. Dattijon ya duba, ya ajiye ƙarfensa, ya buɗe nasa. Iri ɗaya. Suka riƙe hannun juna suna dariya kamar waɗanda suka yi shekaru ba su haɗu ba.

Baba yana da wata ƴar jaka ja da yake sa kuɗi da carbi, ta fi shekara ashirin. Fatar jar akuya ce, shi ya jeme ta, ya shafe ta da man gyaɗa, ya rina da karan dafi, wani baduku abokinsa ya ɗinka masa. Mun sha ce masa ya jefar mu sayo masa walat. Ita ya fiddo ya miƙa. Dattijon ya murza ta, ya dunƙule ta a hannu ya saki, ta koma daidai ba ta tsage ba. Ya kai hanci. Ya kira wasu biyu suka fito daga rami suka duba. Mai shagon ya tambaye mu daga ina, muka ce Nijar, Maraɗi. Ya ce mu faɗa wa Hajj irin wannan fatar ba kullum take shigo musu ba. Suka miƙa wa Baba ƙarfen kankara, irin abin da muke kira kartaji. Ya naɗe hannun babbar rigarsa ta ziyara, ya duƙa, ya ja sau uku ko huɗu. Ƙanwarmu tana cewa Baba hawan jini, bai ko waiwaye ta ba.

Da muka hau sama, wata Baturiya da ta ɗauki abin a waya ta tambayi babban wanmu ko mahaifinmu wani babban mutum ne. Ya yi ɗan jim. Sannan ya ce: "Majemi ne. Shekara hamsin." Mu biyun muka dubi juna. Wannan ne karo na farko da wani a cikinmu ya faɗi haka ga baƙo da bakinsa, kuma sai da muka biya kuɗin jirgi muka ƙetare Sahara kafin ya fito.

Malamin Doso ya ƙara mana wani abu a kan matakala. Kalmar marokineri da muke gani a allon shagunan Yamai daga sunan Maroko ta fito, don Turawa sun daɗe suna kiran lallausar fatar akuya "fatar Maroko". Amma wani kaso na fatar da aka sayar musu da wannan suna daga ƙasar Hausa ta tashi. Fatun jar akuya ne da aka jeme a wajejen Sakkwato da Kano, ayari ya ɗauka ta Damagaram da Agadas ya ƙetara da su Arewacin Afirka, daga can suka shiga jirgin ruwa. Jar akuyar nan ita ce ta Maraɗi da ke yawo a tsakar gidajenmu, wadda har cibiyar kiwonta ke akwai a garinmu. Muka juya wa Baba. Ya ce shi bai san da Turawa ba, amma kakansa ya sha ba da labarin fatake masu raƙuma da ke sayen fata su yi arewa.

Rukuni ya wuce abinci da shagon tangaran, mu goma sha uku muka bi yaron zuwa zawiya. Shehu Tijjani haifaffen Ainu Madi ne a Aljeriya, ya zauna a Fas a ƙarshen rayuwarsa, ya rasu a 1815, kabarinsa yana cikin zawiyar. Ƙofa ce mai ado a cikin lungu, in ba a nuna maka ba kana iya wucewa. A ciki kuwa sai ka rantse Afirka ta Yamma ce ta taru: Sanagal, Mali, Najeriya, har Hausar Kano muka ji a bayanmu. Babban wanmu ba ɗan ɗariƙa ba ne, shi da Baba sun sha kai ruwa rana a kan haka. Ranar bai ce komai ba. Ya bi jam'i a sallolin farilla, sauran lokacin ya zauna kusa da ƙofa yana riƙe da takalman Baba. Baba ya yi ziyara, ya yi kuka irin wanda ba mu gani ba tun rasuwar mahaifiyarmu, da yamma aka zauna wazifa da shi. Ba wanda ya tafa masa hannu. Sai bayan isha'i muka fito.

A hanyar komawa, cikin lungu mai duhu, yana dafe da kafaɗar yaron, ya ce: "Na roƙa muku, ku da ɗiyanku. Na roƙa ma uwarku gahwara. Kuma na roƙi Allah kada majema ta mutu a hannuna." Ba wanda ya amsa a cikinmu sai amin a hankali. Mun san abin da ke cikin baliz.

Juma'a ta same mu a kan duwatsun Atlas. Mun tsaya a Ifran, gari mai sanyi da rufin gidaje masu tsini saboda ƙanƙara, mun ga birai a dajin kusa da Azru, mun ci kuskus ɗin Juma'a a wani gari a bakin hanya. Da la'asar Baba ya fiddo carbi daga jar jakarsa ya yi zikirinsa a kujerar kar, Alhajin Tawa da wasu uku suka taya shi a hankali. Mai Agogo ya kashe rediyo ba tare da an roƙe shi ba. Wuni guda muka yi kafin mu ga jan bangon Marakesh.

Marakesh gari ne na hayaniya. A dandalin Jami'ul Fana akwai masu wasa da maciji, masu birai, masu lemo, kuma duk wanda ka ɗauka hoto sai ka biya, mun koya da dirhami 20. Makaɗan Gnawa da molonsu mai igiya uku da ƙarafunan da suke kaɗawa sun sa Hajiyar Damagaram ta ce ita wannan sauti ta san shi tun tana yarinya. Mun ga hasumiyar Kutubiya mai mita 77. A maƙabartar sarakunan Sa'adiyawa malamin Doso ya daɗe a tsaye gaban kabarin Ahmad al-Mansur, sarkin da rundunarsa ta karya daular Songhai a Tondibi a 1591. Gid bai ambaci wannan ba, zinariya da marmara ya yi mana bayani. A kasuwa ƙanwarmu ta ga wata jaka an ce dirhami 700. Baba ya karɓa, ya lanƙwasa bakinta, ya shinshina, ya girgiza kai. Mai shagon ya yi dariya ya shiga ciki ya fito da wata. Wannan Baba ya yarda da ita, aka daidaita a 300.

Ga masu niyyar irin wannan tafiya, ba za mu ce kada ku bi rukuni ba. Da tsoho a hannu, ba ka san gari ba, ba ka jin Darija, samun kar da otel da mai riƙe maka hanya rahama ne, kuma a kwana takwas mun ga abin da mu kaɗai ba za mu gani a wata guda ba. Amma kafin ku biya, ku sa a rubuta muku awa nawa za a yi a wurin da ya fitar da ku daga gida, da ranar da za a je. In ziyara ce, ku nemi Juma'a ta same ku a Fas. Ku tambayi shaguna nawa ke cikin porogaram, ku sani ba dole ba ne ku saya don an ba ku shayi. Ku tanadi kuɗin abincin rana da na ihsani ga direba da gid, ku ɗauki rigar sanyi da takalmin da ba ya santsi. In kuma abu ya cije, ku yi wa gid magana da mutunci a gefe. Namu da kansa ya nemo mana mafita.

Yanzu mun dawo, kuma maganar fili ba ta ƙare ba. Takardar ta dawo yadda ta tafi, babban wanmu bai ma fiddo ta ba. Ɗaya daga cikin na Yamai har gobe yana kan a sayar, yana da bashi a kansa, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce Fas tana da baƙi daga ko'ina cikin duniya masu hawa soro su sayi jaka, Maraɗi wa zai zo? Ya ce fatun ma ɗanyu ake lodawa a kamiyo a ƙetara da su Najeriya, majemin gargajiya ba ya iya tayin da dillalai ke yi. Ya ce maƙwabta suna da gaskiya a kan wari. Duk mun ji. Abin da muka iya cim ma shi ne mun roƙi mai saye ya dakata har bayan kaka. Mun haɗa kuɗin siminti an gyara magudanar ruwan da ke fita titi, an yi rumfa, mun kuma je mun zauna da mai unguwa. Ƙanwarmu ta kai wa badukun nan jakar Marakesh ya duba ɗinkin, ya ce a ba shi fata mai kyau da zif, zai gwada.

Ɗan babban wanmu, mai shekara goma sha bakwai, ya ga bidiyon kakansa a Shuwara ya fi sau goma. Asabar biyu ke nan yana zuwa majema. Ta farko hoto kawai ya ɗauka. Ta biyu Baba ya sa shi dakan bagaruwa, ya dawo gida yana kukan kafaɗa. Ko zai koma ta uku, Allah masani, kuma ba mu matsa masa ba. Da za a cika masa takardar lakwal ta bana, ya tambayi uban me zai rubuta a wurin mai kula da shi in iyaye ba sa nan. Uban ya ce ya sa sunan kakansa, a wurin sana'a ya rubuta majemi.

Masu tambayar tsaraba, dabino da turare sun ƙare tun makon farko, ku yi haƙuri. Wanda ke da fatar layya ko ta suna kuma yake so a jeme masa, Baba yana majema kullum daga safe zuwa azahar. Allah ya saka wa iyayenmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kai duk mai niyyar tafiya lafiya ya dawo da shi lafiya. Amin.